Feminisim ɗin nan mi ake nufi da shi, kuma mi ya fi gaggawa a Maradi? Amsa ga wata ƙanwata

Ƙanwata, tambayarki ta iso ni, kuma na san ba ke kaɗai abin ke damu ba, shi ya sa zan amsa da ɗan tsawo, ki yi haƙuri da surutuna. Kin ce kina shekara ta biyu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, gardama ta ɓarke a gurup ɗinku na WhatsApp, wasu sun ce feminisim ƙin maza ne da ƙin aure, wasu sun ce kafirci ne da Turawa sunka ƙunso mana, wata ta ce ai duk macen da ta yi lakwal feminis ce ko ta so ko ta ƙi, sannan ga wanda zai aure ki ya ce in har ke feminis ce to a fasa. Kina son ki san mi kalmar ke nufi tsakani da Allah, kuma in da gaskiya cikinta mi ya kamata a sa gaba yanzu.

Ni doka na karanta a Yamai, bayan nan na yi sama da shekara 20 ina yawon ƙauyukan jihar nan tare da ƙungiyoyin mata, Madarunfa, Gidan Rumji, Agye, Mayahi har Dakoro, don haka rabin abin da zan faɗa miki daga takarda ya fito, rabi kuma daga bisa tabarma ƙarƙashin bedi.

Kalmar dai ta Turawa ce, ba mai musun wannan, tushenta kalmar da ke nufin mace a Latin, kuma wata Bafaransa mai fafutukar ƙuri'ar mata, Hubertine Auclert, na cikin na farkon da sunka kira kansu da sunan wajen shekarun 1880. In kinka tuɓe mata riga, abin da ke ciki shi ne mace mutum ce cikakkiya, ba rabin mutum ba kuma ba kayan wani ba, tana da haƙƙi bisa jikinta da dukiyarta da hankalinta da bakinta, sannan cutar da ake yi mata don kawai ita mace ce ba daga sama ta faɗo ba, mutane ne sunka tsara ta da hannunsu kuma mutane na iya kwance ta. Sai dai yarda da hakan a zuci bai isa ba, sai an haɗa kai an yi wani abu a kai. A nan ƙawarki mai cewa duk ƴar boko feminis ce ta yi kuskure, na san mata masu digiri biyu da ke aikin ofis, a gida kuma suna da ƴar aiki ƴar shekara 10 da sunka ɗauko daga ƙauye, ba lakwal ba allo, tana kwana a kicin. Wannan ko ta rubuta feminis da manyan baƙaƙe a Facebook ni ban san mi take nufi ba.

Abin da ya sa Turawa sunka fara nasu yana da kyau ki sani, don shi zai nuna miki inda namu ya bambanta. A 1848 mata sunka yi taro a Seneca Falls ta Amurka suna neman ƙuri'a da haƙƙin mallaka. A Ingila sai 1882 doka ta yarda matar aure ta riƙe dukiyarta duka da sunanta, kafin nan in ta yi aure kusan duk abin da ta mallaka na miji ne. Niyu Zilan ce ta fara ba mata ƙuri'a a 1893, Faransa da ta zo tana ce mana ta kawo wayewa sai 1944, kuma har zuwa 1965 Bafaransa matar aure ba ta iya buɗe asusu a banki ko ta kama aiki sai da izinin miji. To ki dubi kakata ta wajen uwa a wannan lokacin, ba ta taɓa shiga aji ba, amma tana da jajayen awakinta, tana da gamanarta, wato ɗan filin nomanta na kanta, da rumbunta, tana soya ƙuli-ƙuli ta sai da mai, kuma kakana bai isa ya taɓa ko akuya ɗaya ba sai ya ranta, ranar biya kuma ta bi shi bashinta kamar baƙo. Sunan ubanta take amsawa har ta koma ga Allah. Ke nan wani abin da matan Turai sunka sha wahala a kai mu mun gaje shi, wani abin kuma da su ba su taɓa sani ba shi ke kashe mu. Wanda ya kwaso jerin buƙatun matan Pari ya sauke a Tasawa ya yi aikin banza.

Kuma su kansu ba bakinsu ɗaya ba, wannan ne masu gardamar gurup ɗinku ba su sani ba. Akwai masu ganin in an gyara doka an ba mace ƙuri'a da aiki an gama, akwai masu cewa maganar ta tattalin arziki ce, wa ke ɗebo ruwa da itace da daka da reno ba a lissafa shi aiki, akwai masu cewa tsarin fifita namiji ya shiga ko'ina sai an tono shi daga saiwa, cikin waɗannan ne za ki samu ƴan kaɗan masu cewa aure kansa tarko ne, kuma su ne muryarsu ta fi tashi a TikTok don abin da ke tada hankali shi ke yawo. Baƙaƙen matan Amurka sun ce ma fararen ku ba da yawunmu kuke magana ba, har wata malamar doka Kimberlé Crenshaw ta nuna a 1989 yadda zama mace da zama baƙa da zama talaka ke haɗuwa su zama kaya ɗaya bisa kan mutum ɗaya. A Afirka wata malama ƴar Najeriya, Obioma Nnaemeka, ta ce namu na sasanci ne, a san lokacin da za a tunkari dutse da lokacin da za a kewaye shi. Akwai kuma mata musulmi masu ilimi da ke cewa mu cikin Alƙur'ani da hadisi za mu nemo haƙƙinmu. Duk waɗannan suna ɗaya ake kiransu da shi. In wani ya ce miki feminisim ya ce kaza, ki tambaye shi wanne daga ciki.

Maganar cewa baƙon abu ne kuwa, sunan baƙo ne, kukan ba baƙo ba ne. A fadar Maradi akwai sarautar Iya, a Tsibirin Gobir akwai Inna, mata ne masu fada da jama'a da faɗa a ji, ko da yake ba na son mu ruɗi kanmu, ikon gimbiya ɗaya ba shi ne ƴancin matar talaka ba. Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin ƴan taru, tana naɗa ma jajis, wato matan da ke jagorantar tsarin, malfa tana tura su ƙauyuka su karantar da mata da waƙoƙi, mahaifinta kuma ya rubuta kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da ɗiyansu cikin jahilci suna karantar da ɗaliban waje. Na san mu Katsinawan Maradi da Gobirawa kakanninmu sun daɗe suna gwabzawa da Sakkwato, amma wannan bai hana a faɗi gaskiya ba. Sannan ga na kusa, ranar 13 ga Mayu 1991 dubban mata sunka yi tattaki a Yamai zuwa ofishin firaminista don kwamitin shirya babban taron ƙasa mace ɗaya tak anka sa cikin mutum 68, ba su watse ba sai da anka ƙara mata 5. Daga nan ranar matan Nijar ta samo asali, wadda yau munka mayar ranar ɗinka anko da cin shinkafa, Allah ya shirye mu. Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba, matan nan gefen sun samu ƙuri'a tun dokar 1956 ta zamanin Faransa, ƴan uwanmu na Katsina da Kano kuwa sai ƙarshen shekarun 1970, bayan su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri da duka a kai. Harshe ɗaya, addini ɗaya, dangi ɗaya, tazarar shekara 20, to a ce mini addini ne ya hana ko siyasa.

Yanzu maganar addini, wadda na san ita ce ainihin abin da ke cikin ranki. Ba zan yi miki daɗin baki in ce babu saɓani ba, akwai. Mai bin feminisim irin na yarjejeniyoyin duniya zai ce gado a raba daidai tsakanin ɗa da ɗiya, a hana auren mace fiye da ɗaya, musulmi kuma zai ce akwai nassi, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi uba na da ikon ijbari, wato ya aurar ko ba da yardarta ba, bisa ɗiyarsa budurwa, duk da malamai sun gindaya sharaɗin kada ya cutar da ita. Nan ne ƙasarmu ta yi ta cin tuntuɓe. Kundin dokar iyali ya mutu a farkon shekarun 1990 don ƙungiyoyin addini sun tashi tsaye a kansa, an sake gwadawa wajen 2011 ya sake mutuwa. Yarjejeniyar CEDAW ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1979, mai hana nuna ma mata bambanci, Nijar ta shige ta a 1999 amma ta ce ban da wasu sassa da sunka shafi aure da gado da zaman iyali. Yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin matan Afirka kuwa majalisar dokoki ta ƙi amincewa da ita a 2006. Ra'ayina, kuma na sha faɗa a gaban manyana sun ɓata rai, mun faɗi ne don an rubuta abin da Faransanci cikin ofisoshin Yamai, matan da za a yi dokar dominsu a rediyo sunka fara jin labarinta, kuma daga bakin masu adawa da ita. Mun kwashe shekaru muna kokawa bisa guraren da anka saɓa, alhali ga wani fili mai faɗi inda addini da dokar ƙasa da feminisim duk bakinsu ɗaya, kuma a wannan filin ne ake yi ma matan jihar nan mafi yawan cuta.

Gona ita ce ta farko a wurina, kuma a nan zan daɗe don ba za ki ji ta a TikTok ba. A da mace a ƙauye tana da gamana, ɗan fili da miji ko uba ke yanka mata, ta yi kwanakinta a gandu ta yi nata kwanakin a gamanarta, ta shuka gujiya ko wake ko yakuwa ko riɗi, abin da ta girbe nata ne, da shi take sayen akuya, take zuba biki, take tara ma ɗiyarta kayan ɗaki, kuma in rumbun maigida ya ƙare cikin bazara sau da yawa nata ne ke riƙe yara har sabon hatsi. To mutane sun yi yawa ƙasa ba ta ƙaru ba, a kudancin jihar nan gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki 20 ke kallonta, ga alhazan birni da ma'aikata na saye. Da fili ya matse wa anka fara cirewa? Mace, musamman amarya ƙarama. Masu bincike sun rubuta wannan tun farkon shekarun 2000 a yankin nan namu, har suna abin ke da shi, kublen gona, wato a ce ma mace ta huta ba sai ta je gona ba, a sa ma abin rigar addini ko ta gata, alhali gaskiyar magana babu filin da za a ba ta ne, kuma ita ɗin dai za ka gan ta a rijiya da daji wajen itace, gona ce kawai anka kulle mata.

Sai gado. Suratun Nisa'i ta ce maza na da rabo mata na da rabo daga abin da iyaye da dangi sunka bari, kaɗan ne ko mai yawa, ɗiya rabin na ɗa, matar mamaci tumuni in ya bar ɗa ko ɗiya, rubu'i in bai bari ba. Dokar karkara ta 1993 ita ma ta ce duk ɗan Nijar na da damar samun ƙasa ba bambancin mace da namiji. Amma je ki ƙauye ki ga yadda ake yi. Ko a ƙi raba gonar sam a ce ta gida ce tana hannun babban wa, ko a raba tsakanin maza a ce ke ai kina gidan wani, in anka ba ki gonarmu ta koma dangin mijinki, ko a ba ta ƴan kuɗi da buhun hatsi a ce an sallame ta. Na taɓa zama da wata dattijuwa a wani ƙauye gabas da nan, mijinta ya rasu ya bar ta da yara 6, ubanta ya rasu shekara 12 kafin nan ya bar gonaki 3, ko taki ɗaya ba ta samu ba. Na ce Inna mi ya hana ki tambaya, ta ce ɗiyata in na kai ƴan uwana ƙara ranar da aure ya ƙi ni ko ciwo ya kama ni ɗakin wa zan shiga? Wannan amsar ta fi duk wani littafin da na karanta, don ta nuna mini ba jahilci ke hana su ba, lissafi ne, mace na sayen mafaka wurin ƴan uwanta maza da gadonta. Abin da ya yi aiki a wannan ƙauyen ba mu ne munka yi shi ba, limamin garin ne ya ɗauki ayoyin gado ya yi ta karantawa a wa'azi yana faɗin hukuncin mai cin haƙƙin wani, har wasu magidanta sunka ji tsoron Allah sunka kira ƴan uwansu mata anka auna. Namu aikin shi ne mu ce kada a tsaya a baki, a je wurin kwamitin filaye na gari, kofob ɗin nan, a yi takarda da shaidu da sa hannun maigari, don mun ga inda anka ba mace gona da baki, mai bayarwar ya mutu, ɗiyansa sunka ce aro ne. Shi ya sa in ana gardamar rabi ko daidai nake cewa ku bari rabin ya iso hannunta tukuna.

Gonar nan kuma ita ke ɗaure da maganar aurar da yara, mutane na raba su amma igiya ɗaya ce. Babban binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna mata 76 cikin 100 a Nijar an aurar da su kafin shekara 18, 28 cikin 100 kafin 15, jihar Maradi kuma ita ce kan gaba da 89 cikin 100. Dokar farar hula ta ce yarinya 15 yaro 18, amma yawancin aurenmu ba ya bi ta nan, bisa al'ada ake ɗaura shi, ko a gidan shari'a ma al'adar mutum ake dubawa a maganar aure da saki da gado. Kuskuren da ƴan furoje ke yi shi ne ɗaukar uban yarinya mugu ko jahili. Ki zauna da shi ki ji. Lakwal ɗin garinsu ta tsaya a CM2, ajin ƙarshe na firamare, koleji na da nisan kilomita da yawa, sai an nemo mata mai masauki a wani gari inda za ta zama ƴar aikin gidan, ya ga ɗiyar maƙwabcinsa ta dawo da ciki, ya ga wadda ta samu brebe tana zaune ba aiki, rumbunsa ba ya kai shi watan bakwai, to ga mai so ya fito. Ban ce ya yi daidai ba, na ce in ba ka amsa tsoronsa ba taron wayar da kai ɗari ba zai canza komi ba. An sa hannu bisa wata doka a Disamba 2017 ta kare karatun ɗiya mace, abu ne mai kyau, amma takarda ba ta gina aji, ba ta kawo koleji kusa, ba ta gina ma ƴan mata makewayi da wurin kwana mai tsaro, ba ta kori mushen da ke lalata da ɗalibansa maimakon a canza masa gari. Ta fuskar addini kuma hadisin Khansa'u bint Khidam na nan cikin Bukhari, ubanta ya aurar da ita ba ta so, ta kai kuka wurin Annabi (SAW) ya warware auren, kuma an ce a nemi izinin budurwa. Sau nawa kinka ji an karanta wannan a wurin ɗaurin aure?

Abin da ke biyo baya ki je Danja nan kusa da mu ki gani, inda anka buɗe asibitin masu yoyon fitsari a 2012. Yarinya ƙugunta bai gama buɗewa ba, naƙuda ta yi kwana biyu ko uku, kan jariri ya danne nama jikin ƙashi har jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu ya bar rami, jaririn galibi ba ya rayuwa, ita kuma fitsari na zuba dare da rana, miji ya gudu, a ware mata kwano. Binciken 2012 ɗin nan ya ce mata 535 ke mutuwa cikin haihuwa 100,000, lokacin mace ɗaya na haihuwar sama da 7 a ƙasar, a Maradi sama da 8. Abin da ya fi ci mini rai shi ne jinkirin farko ba na hanya ba ne, na izini ne, maigida ya tafi ci-rani Najeriya ko Libiya ko wurin zinariya, waya ba ta shiga, uwar miji ta ce mu ma a ɗaki munka haihu, ita kuma ga kunyar haihuwar fari ba ta ko yin nishi. An ce tiyatar haihuwa kyauta ce tun wajen 2006, amma kuɗin esans na ambilans da ordinas wa zai biya, in ba ta da akuyar kanta da za a sayar a daren? Kin ga mun koma kan gona da akuya.

Saki ma haka. Aya ta farko a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce kada a fitar da su daga gidajensu lokacin idda, mu kuwa da dare ake watso ma mace kaya waje, yanzu har ta saƙon waya ake yi. A Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin riƙon yaro har ya balaga, yarinya har ta tare gidan miji, uba na ciyarwa, mu kuwa da an yaye ko an kai shekara bakwai sai a ƙwace a kai ma kishiya, in an bar mata su kuma ko dala ba ya aikowa. Wadda aure ya ƙi ma tana da hanyar khul'i, wato ta fanshi kanta ta fita daga auren, da yawa ba su taɓa jin sunan ba. Mata nawa ne ke zaune cikin duka don sun san in sun fita sun rabu da ɗiyansu?

Kujerun siyasa ba zan daɗe a kansu ba. Dokar kota ta 2000 ta tabbatar ma mata aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓaɓɓu da 25 na naɗaɗɗu, an ɗaga a 2014, a 2019 ta kai 25 da 30. Ta buɗe ƙofa, ban raina ba, amma sau da yawa matar wane da ƙanwar wane anka riƙa cika lis da su. Waɗanda sunka fi burge ni kansiloli ne da sunka fito daga asusun Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a nan jihar Maradi a 1991, mata su taru duk mako su zuba ɗan abin da ya sawwaƙa cikin akwati mai kwaɗo uku makulli a hannun mutum uku, su ranta ma juna, yau ƙasashe da dama a duniya na kwaikwayonsa kuma daga ƙauyukanmu ya tashi. Macen da ta yi shekara biyar tana riƙe lissafin akwati tana magana gaban mata 30, ranar da ta tsaya gaban maigari muryarta ba ta rawa. Ba ɗaya cikinsu da ta taɓa kiran kanta feminis.

Kada kuma mu manta da na can ƙasa. Hadijatou Mani an sayar da ita tana shekara 12 a kan jika 240 a matsayin wahaya, wato baiwar da ake ajiyewa kamar mata ta biyar ba tare da aure ba, a yankin Ƙonni, ta kai ƙasar Nijar ƙara kotun CEDEAO ta yi nasara a 2008 anka ce a biya ta miliyan 10. Ga matan Madarunfa da Gidan Rumji da ƴan gudun hijirar da sunka shigo tun 2019, waɗanda ƴan bindiga ke kwashewa, in an biya fansa sun dawo sai gari ya bi su da ido, wasu mazan su ƙi karɓarsu. Duk feminisim ɗin da ya san pardiyam na atiliye a otal amma bai san waɗannan ba, ni na yafe shi.

Ƙin maza kuwa, a shekara 20 ban ga abu ɗaya da ya gyaru a ƙauye ba tare da wasu maza sun sa hannu ba, limami ko maigari ko wani uba da ya ce tawa ɗiyar sai ta gama. Makarantar mazaje da anka fara a jihar Damagaram wajen 2008, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a likita, ta yi abin da mu mata ba mu iya yi ba don namiji ya fi jin maganar ɗan uwansa a majalisa. Amma kada wannan ya sa a ce mace ta yi shiru har sai an ga dama, wanda ke cin gonar ƙanwarsa ba zai ji daɗin maganar ba ko da wane irin ladabi anka faɗe ta, kuma zai ce an zage shi.

Shi kuma mutumin naki, kada ki tsaya jayayya da shi bisa kalma, wataƙila bidiyon wata ya gani tana zagin maza ya tsorata, wataƙila kuma ya san sarai abin da yake gudu. Hanyar ganewa ita ce ki ajiye sunan gefe ki tambaye shi abubuwan ɗaya bayan ɗaya, zan gama karatuna bayan biki ko a'a, zan yi aiki, albashina a hannun wa zai zauna, in ciwo ko naƙuda ta kama ni ba ka gari sai na jira izini ko in tafi likita, mi kake gani game da tazarar haihuwa, in Allah ya ba mu ɗiya mace a shekara nawa za ka aurar da ita kuma za a tambaye ta. Ki saurari amsar, ki kuma dubi yadda yake yi da ƙannensa mata da mahaifiyarsa don can ne amsar gaskiya take. Abin da kunka daidaita a kai kada ya tsaya tsakaninku a zaure, ki sa waliyyinki ya faɗe shi gaban nasa waliyyin da shaidu tun kafin a sa rana, maganar karatu musamman, don na ga da yawa da anka yi ma alkawari da baki ciki na fari ya shafe shi.

In kinka je gida hutu kuma, ki samu mamarki ita kaɗai ki tambaye ta gonar da kakanku ya bari, an raba ko ba a raba ba, ina nata kason yake, wa ke nomansa bana, kuma akwai takarda ko babu.